Kwalaben Maganin Fitsari da Littafin Asusun Taimako: Jawabin Ofishin Magatakarda a Taron Shekara



Ranka ya daɗe Shugaba, iyayenmu dattawan ƙungiya, alhazai da hajiyoyi, baƙinmu da suka tsallako daga Yola da Mubi, ƴan'uwa na Garwa da Banyo da mu na nan Ngaundare, barkanmu da ganin zagayowar wannan rana. Allah Ya maimaita mana.

Bisa al'ada, in aka ba ofishin magatakarda dama a irin wannan taro lissafi muke karantawa: nawa ya shigo, nawa ya fita, wa ke noƙewa wajen biyan kuɗin wata. Wannan Ma'aji zai kawo shi bayan la'asar. Mu mun roƙi Shugaba ya bar mu mu yi wata magana dabam, wadda littafin asusun taimako ne ya ɗora mana ita. Tun kafin mu fara muna neman afuwa, domin magana ce mai nauyi a bakin yaro gaban iyayensa. Maganar fitsari ce.

Mu ke rubuta duk buƙatar da ta zo asusu. Akwai wadda ta fara maimaita kanta har muka haddace kalmominta: "A taimaka, fitsarin Alhaji ya tsaya, an sa masa roba." Kuma kusan duk gidan da muka je dubiya, sai mu tarar da leda a gefen gado cike da kwalaben kafso da suka ƙare.

Ɗaya daga cikin iyayenmu ya ba mu izini mu faɗi nasa labarin, ban da suna. Kusan shekara biyu yana tashi sau huɗu, sau biyar cikin dare. Fitsarin ba ƙarfi, sai ya yi nishi, in ya gama kuma ya ji kamar da saura. A hanya yakan tsayar da mota har yaran mota su soma kallon juna. Bai gaya wa kowa ba. Wani mai talla ya sayar masa da kafso, kwalba ɗaya jaka 15, duk wata sai ya sayi sabuwa. Da hunturun bara, yana hanyar iyaka da kaya, mura ta kama shi, ya sayi ƙwayar mura a tebur ya sha. Cikin dare fitsari ya ƙi fita ko ɗigo. Haka aka juyo da shi Garwa yana murƙususu, kayansa suka yi kwana tara a duwan. Da aka auna, likita ya ce ƙodarsa ta fara taɓuwa saboda fitsarin da ya daɗe yana taruwa. Alhamdu lillahi yana tare da mu yau. Amma kuɗin da ya zuba a kwalabe sun ninka na awon da bai yi ba sau da yawa.

Wannan ya sa muka zauna da likita, muka kuma bincika. Ga abin da muka samo.

Kowane namiji yana da wani ɗan ƙullutu a ƙarƙashin mafitsara, girmansa kamar ƙaramin goro, nauyinsa wajen giram 20. Likitoci na kiransa furostat. Hanyar fitsari ta tsakiyarsa ta ratsa. In shekaru suka ja sai ya riƙa girma yana matse hanyar, kamar wanda ya taka tiyon ruwa. Kusan rabin maza ƴan shekara 51 zuwa 60 nasu ya girma, a waɗanda suka wuce 80 kuwa ya kai 9 cikin 10. Ba sammu ba ne, ba kuma alamar mutum ya yi wani abin kunya ba ne. Furfura ce ta ciki. Girman nan ba daji ba ne, ba ya kuma rikiɗewa ya zama daji, sai dai mutum ɗaya na iya samun duka biyun, kuma dajin furostat ya fi kama baƙar fata, da farko ma ba ya nuna alama. Ciwon sukari, tsargiya, da toshewar hanya daga tsohon ciwon sanyi duk suna iya kawo irin wannan wahalar fitsari. Kwalba ba ta san wanne ke damun mutum ba.

To me ke cikin kwalaben? In kuka juya bayansu, sunan da ya fi yawa shi ne saw palmetto, ƴaƴan wata gajeriyar bishiya ce mai kama da kaba da ke fitowa a kudu maso gabashin Amurka, musamman Fulorida. An gwada ta gwaji na gaskiya. A 2006 aka wallafa sakamakon maza 225 da aka raba biyu, rabi suna shan ta, rabi suna shan ƙwayar da babu magani a ciki, ba wanda ya san wacce yake sha. Bayan shekara guda, babu bambanci. Aka ce ko adadin ne ya yi kaɗan. A 2011 aka fitar da wani gwajin na maza 369, aka ninka adadin har sau uku cikin mako 72. Nan ma ba ta fi ƙwayar banza ba. Abin lura, ɓangarorin biyu duk sun ce sun ɗan ji sauƙi. Wannan ciwo dama yana lafawa yana tashi, kuma wanda ya biya jaka 15 zuciyarsa na son ya ji sauƙi. Saboda haka in ɗan'uwa ya rantse maka ta yi masa aiki, ba ƙarya yake ba, amma rantsuwarsa ba awo ba ce. Don mu yi adalci, akwai wani samfurinta da ake tatsa a Faransa wanda wasu likitocin Turai ke rubutawa. Shi ma bayan an duba mutum ne.

Suna na biyu namu ne, kuma a nan muka fi jin abin. Pygeum ɓawon wata bishiya ce da masana ke kira Prunus africana, tana fitowa a kan duwatsu masu sanyi: Dutsen Kamaru, Oku, da Cabbal Mbabo a nan jiharmu ta Adamawa. Ƴan Banyo sun san buhunan. Shekara da shekaru ana ɓare ta ana kaiwa Faransa da Italiya da Sifen, a tace a zuba a kafso, a dawo mana da ita da tsadar da mai ɓarewa bai taɓa mafarki ba. Ƙa'ida ita ce a ɓare gefe biyu masu fuskantar juna a bar sauran, bishiya ta warke. Masu gaggawa suka riƙa tuɓe ta gaba ɗaya tana mutuwa a tsaye, har a 1995 aka sa ta cikin jerin itatuwan da sai da takardar izini ake fitar da su ƙasa zuwa ƙasa, a 2007 kuma Tarayyar Turai ta dakatar da sayenta daga Kamaru na wasu shekaru. Duk wanda aka ba buhunanta ya tsallaka da su babu takarda, ya san abin da ya ɗauka. Game da amfaninta, an tattara gwaje-gwaje 18 na maza 1,562, aka ga tana ɗan rage tashin dare, fitsari ya ɗan ƙara ƙarfi. Amma yawancin gwajin na wata biyu ne kawai, kuma ba a nuna tana mayar da ƙullutun ƙarami ba.

Ƴaƴan kabewa ma suna cikin jerin. A Jamus an bi maza fiye da 1,400 shekara guda, waɗanda suka ci ƴaƴan kansu sun ɗan fi samun sauƙi, kafson da aka tatsa daga gare su kuwa bai fi ƙwayar banza ba. Ga kabewa nan a kasuwa, ba sai an shigo mana da ita a jirgi ba.

Kada kuma a ce tunda na ganye ne ko bitamin ne ba ya cutarwa. An ba maza fiye da 35,000 bitamin E da sinadarin seleniyam don a ga ko za su kare su daga dajin furostat. A 2011 aka ga masu shan bitamin E kaɗai sun fi kamuwa da kashi 17 cikin 100. A 2002 kuma an janye wani haɗin ganye mai suna PC-SPES daga kasuwar Amurka bayan an gano maganin tsinka jini a cikinsa, wanda ba a rubuta a jiki ba. Wannan a ƙasar da ake bincike ke nan. Ina ga jarkar da ba ta da ko takarda?

Yanzu ga inda maganar ta dawo kanmu. Wa ke shigo da kwalaben nan? A cikin zauren nan akwai masu ɗauko katan-katan daga Kano da Onica da Duwala. Ba mu ce haramun ba ne, sana'a ce. Amma lambar NAFDAC da ke ƙarewa da harafin L ba shaidar magani na warkarwa ba ce, shaidar an yi masa rajistar farko ce, shi ya sa za ku ga an rubuta a jiki cewa hukumar ba ta tantance iƙirarinsa ba. In muka ce wa dattijo "sha wannan, ba sai ka je asibiti ba", ya je ya rasa ƙoda, ribar kwalbar ba za ta tsaya mana ba ranar da za a tambaye mu.

Mun san abin da ke hana iyayenmu zuwa: awon da likita ke yi da yatsa ta baya. Ba ya kai minti ɗaya. Sauran awon fitsari ne, da na jini da ake kira PSA, wani lokaci da hoton ciki. Akwai magunguna masu aiki: tamsulosin na sassauta hanyar cikin kwanaki, sai dai yakan sa jiri, direbobi su kula, finasteride na rage girman amma sai an yi haƙurin wata shida. In abin ya yi nisa akwai aiki. Wanda ke shan wani kafso ya tafi da kwalbar ya nuna wa likita. Mai wannan matsala ya guji ƙwayar mura ta tebur da taramol, suna iya tsayar da fitsari cak. Ya rage shayi da kofi da goro da yamma, kada kuma ya riƙe fitsari don kunyar tsayar da mota. Jini a fitsari, zazzaɓi tare da zafin fitsari, ciwon ƙugu da rama, ko fitsari ya tsaya: waɗannan ba sa jiran a sauke kaya. Hajiyoyi, ku kuka san wanda ke tashi sau biyar cikin dare. Ku taya mu magana.

Ofishinmu na gabatar da buƙata biyu gaban taro. Ta farko, asusun taimako ya biya kuɗin awon farko ga duk ɗan ƙungiyar da ya kai shekara 50, maimakon jiran ranar roba. Ta biyu, mu amince babu ɗan ƙungiya da zai tallata kafso ko jiƙo da sunan yana warkar da furostat. Sunayen masu son awo za su shiga littafi dabam, daga mu sai Ma'aji. Wanda ya ji nauyin zuwa ofis ya aiko ɗansa da katin ƙungiya, za mu gane. Shugaba zai sa a ɗaga hannu bayan rahoton Ma'aji.

Wanda maganarmu ta yi wa nauyi ya yafe mana. Wassalamu alaikum.