Gidan Makama da Masana'antun Kano

Jama'a, duk baƙon da ya zo Kano yana son ya san asalin garin, akan kai shi Gidan Makama, kusa da fadar Sarki. Masana tarihi sun ce an gina gidan nan ne tun ƙarni na 15, domin Muhammadu Rumfa, wanda ya sarauci Kano daga 1463 zuwa 1499. Da Turawa suka ci birnin cikin 1903, sun yi ofis a ciki. Daga baya aka mai da shi gidan ajiye kayan tarihi, yana kuwa hannun hukumar tarayya mai lura da irin waɗannan gidaje, wadda aka kafa cikin 1979.

A ciki akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birni, da kayan yaƙi, da kayan kiɗa, da hotunan sarakuna, da kayan sana'o'in gargajiya. Aikin ma'aikatan gidan ba gadi kaɗai ba ne. Sukan bincika asalin kowane abu, su rubuta, su tsare shi daga gara da laima, sa'an nan su bayyana wa 'yan makaranta amfaninsa. Abin da ba a rubuta labarinsa ba kuwa, ko ya kai shekara 500, tarkace ne kawai.

To, amma tarihin Kano bai tsaya cikin ganuwa ba. Barth, Bajamushen nan da ya zo cikin 1851, ya tarar saƙa da rini su ne ƙashin bayan arzikin garin. Jirgin ƙasa ya iso cikin 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa. Sa'an nan sana'a ta fita bayan gari: aka fara kafa masana'antu a Bompai, daga baya a Sharaɗa da Chalawa. Saƙa ta koma ta inji, jima ma haka, har majemun Chalawa suka shahara wajen aika fatu ƙasashen waje, ko da yake ruwan da suke zubarwa ya ɓata kogi ƙwarai. Dubban magidanta sun ci abinci a wuraren nan, jiniya ce ke tashinsu, ita ce ke sallamarsu.

Daga wajen 1986, da darajar naira ta faɗi, ga ƙarancin wutar lantarki, ga yadin waje mai araha, sai masaƙu da yawa suka rufe. Waɗansu aka mai da su ɗakunan ajiyar kaya, injunan kuwa sai 'yan gwangwan su saye a kan kilo. Haka dalar gyaɗa ta ɓace, aka bar mutane da hotuna. Kafin a farga, yaron da aka haifa a Sharaɗa zai san lifidi da sulke, amma bai san injin da kakansa ya yi shekara 20 yana juyawa ba.

Saboda haka ya kamata masu masana'antu da tsofaffin ma'aikata su dubi abin da ya rage a hannunsu kafin su yar: injin saƙa guda, littafin albashi, katin shiga aiki, ƙyallen atamfa mai tambarin kamfani. Wanda ya ga zai iya bayarwa, sai ya rubuta sunan masana'antar, da shekarar, da aikin abin. Tsohon ma'aikacin da ba ya rubutu kuwa, a zauna da shi a ɗauki muryarsa, domin shi ya san sunan kowace kusa a jikin injin.