ƘANANAN LABARAI SU NE IGIYAR ZUMUNCIN MAKARANTA

(Jawabin da aka gabatar a madadin tsofaffin ɗalibai a taron shekara-shekara na ƙungiya, a Dutse)



An umarce mu da mu ce wani abu game da zumunci tsakanin waɗanda suka yi makaranta tare. Muna neman afuwa, domin da laifin kanmu za mu fara.

Akwai wani ɗan ajinmu da muka yi shekara biyar muna kwana ɗaki ɗaya da shi, muna jiƙa gari da ƙuli-ƙuli a kwano ɗaya. Da aka gama, mu muka nufi birane, shi kuwa ya koma wani ƙauye a ƙasar Kiyawa, ya koyar a firamare har ya yi ritaya. Sunansa yana cikin zauren WhatsApp na ajinmu, amma ba ya cewa komai, mu kuma ba mu taɓa tambayar dalili ba. A daminar 2022, da ambaliya ta yi ɓarna a Jigawa, ruwa ya cinye masa gero, ya rushe masa ɗaki biyu, daga baya ciwo ya kwantar da shi wata da watanni. Ba mu ji ko ɗaya ba sai ranar da ɗansa ya sanar da mu rasuwarsa. Kafin magariba saƙonnin ta'aziyya sun cika zaure, kafin sadakar bakwai mun tara kuɗin da ya fi ƙarfin maganin da ya rasa. Da muka je gaisuwa, mai ɗakinsa ta ce kullum yana ambaton mu ɗaya bayan ɗaya, har da sunayen tsokana na makaranta. Allah Ya jiƙansa.

Tun daga ranar muke tambayar kanmu yadda aka yi haka ta faru, alhali ba a taɓa samun zamanin da sada zumunci ya yi arha kamar wannan ba.

Manya a cikinmu za su tuna zamanin tsohuwar Jihar Kano, lokacin da ake rarraba yaran ƙasar Dutse zuwa Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, da Rumfa, da makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, 'yan mata kuma zuwa Dala da sauransu. Daga nan wasu suka wuce Jami'ar Bayero, wasu Zariya, wasu Kwalejin Ilimi ta Gumel. A wancan lokaci wasiƙa ce hanya. Mutum zai sayi kan sarki ya kai gidan waya, ko ya je tasha ya damƙa wa direba, ya yi mako biyu yana zuba ido. Wanda ya ƙosa kuma ya aika gaisuwa a shirin Zaɓi Sonka na rediyo. To, me ke cikin waɗancan wasiƙu? Ba wani babban abu. Ruwa ya sauka, an yi shuka, Inna tana fama da ƙafa, tiyar gero ta tashi a kasuwar Shuwarin, dabinon gidan su wane ya nuna. Da irin waɗannan ne muka san halin da kowa yake ciki.

Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, ma'aikata suka rabu, wasu suka taho Dutse, wasu suka tsaya Kano, 'yan aji ɗaya suka zama 'yan jiha biyu. A 2001 wayar salula ta shigo, muka ce nesa ta zo kusa. Dutsen ma ta bunƙasa, har ta samu jami'ar tarayya a 2011. Amma da hanyoyi suka yawaita, sai labarin ya sauya. Abin da muke aika wa juna ya koma ƙarin girma, da naɗin sarauta, da katin ɗaurin aure, da hotunan Juma'a da wani ya ƙirƙira muke ta turawa. Wanda ba shi da ƙarin girman da zai sanar sai ya ja bakinsa ya yi shiru, mu kuwa mu ɗauka lafiya ce ta ɓoye shi.

Ga abin da muka fahimta. Bahaushe mai kunya ne, ba zai ɗauki waya ya ce wa wanda rabonsa da shi shekara goma, "Ina cikin matsi" ba. Amma wanda ya saba tambayarsa yaya damina, yaya ƙafar nan, ina aka kwana kan jarrabawar yarinya, zai ji sauyin murya tun kafin a faɗa masa. An ce abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa, sai dai ba a zama abokin kuka a rana ɗaya. Wanda bai san ƙaramin labarinka ba, babban zai iske shi a makare.

Wannan magana ta shafi ƙungiya kai tsaye. Duk wanda ya taɓa karɓar gudunmawar gyaran aji ko haƙa rijiya ya san takardar gayyata ba ta cika fitar da kuɗi ba. Abin da ke fitar da shi shi ne kiran abokin da kuka sha bulala tare. Kuma abokanmu da suka zauna a Jahun da Miga da Buji da Gwaram su ne idanunmu. Su suka san ajin da rufinsa ya yaye da asibitin da ba ma'aikaci. In muka yanke da su, sai mu riƙa tsara ci gaban gida daga Abuja bisa jita-jita.

Saboda haka muna gabatar da shawarwari huɗu. Na farko, kowane aji ya buɗe rajista mai ɗauke da sunan kowa, da garin da yake zaune, da lambarsa, da lambar wani na gidansa. Na biyu, kowannenmu ya ɗauki mutum uku, musamman masu shiru da marasa babbar waya, ya kira su da murya sau ɗaya a wata, ko da ba wani dalili. Na uku, in mun zo gida da Sallah, bayan kallon hawa a Garu, mu ware yini guda mu taka zuwa ƙauyuka, tun da zumunta a ƙafa take, kada kuma a manta da matan abokanmu da suka rasu da marayunsu. Na huɗu, mu na birni mu daina faɗin daɗi kaɗai. In ɗanmu bai samu aiki ba, ko hawan jini ya kama mu, mu faɗa, domin na ƙauye ya ga ashe shi ma yana da bakin magana a cikinmu.

Muna roƙon kowa da ke wannan zaure, kafin ya kwanta yau, ya tuno mutum ɗaya da suka zauna benci ɗaya da shi, ya neme shi, ya tambaye shi yaya gida.

Allah Ya jiƙan malamanmu da abokanmu da suka riga mu, Ya ja zamanin Mai Martaba Sarkin Dutse, Ya mai da kowa gidansa lafiya.