Kirarin Kai da Hukuncin Jama'a: Nazari a kan Bakandamiyar Shata



Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba yadda ya kamata manazarci ya fassara waƙar da mawaƙi ya yi a kan kansa, musamman idan jama'arsa ta riga ta yanke masa hukunci tun kafin ya buɗe baki. Misalin da ya fi kusa da mutanen wannan birni shi ne Alhaji Mamman Shata Katsina da Bakandamiyarsa.

Da farko sai a san hukuncin. A al'adar Hausa ta da, sana'a ita ke nuna matsayin mutum, kuma akasari gadonta ake yi. Sarauta da malanta suna sama, a birni irin Katsina kuwa, garin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, darajar malami ba ta da iyaka. Kiɗa da waƙa suna can ƙasa, an haɗa su da roƙo. M. G. Smith ya yi bayanin wannan a 1957, inda ya nuna yadda masu mulki da masu dukiya ke bukatar maroƙi ya ɗaukaka sunansu, alhali shi kansa ba a ɗauke shi da daraja ba. Ana nemansa ranar biki, amma ba kowane gida ne zai yarda ya haɗa zuriya da shi ba.

An haifi Shata a Musawa a 1923. Bafillace ne, bai gāji waƙa ba, mahaifinsa Ibrahim Yaro kuwa bai so ya shige ta ba, don yana ganin roƙo ce. Ke nan nauyi biyu ya ɗauka: a gida ya bar hanyar iyaye, a wajen makaɗan gado kuma shi ɗan haye ne.

Wanda ya saurari Bakandamiya ba tare da sanin wannan ba, zai ji mutum yana wasa kansa, yana cika baki, yana ƙalubalantar abokan hamayya, sai ya ce jigonta fariya ne. Wannan fassara ta tsaya a bakin ƙofa. Sana'ar mawaƙi ita ce ya yi wa wani kirari. Idan ya juya kalangu, ya sa 'yan amshinsa suka karɓa masa kirarin kansa, to, ya zauna ne a kujerar da ya saba ɗora sarki da attajiri. Watau ya yi amfani da kayan aikin da aka raina shi a kansu, ya kare mutuncinsa da su.

Daga nan manazarci zai iya riƙe ƙa'idoji uku. Ta farko, ya nemi zargin da ke bayan kowace cika baki, domin kirarin kai amsa ce, ko da ba a ji tambayar a cikin waƙar ba. Ta biyu, ya bambanta mawaƙi a fagen waƙa da mutumin da ke zaune a gidansa a Funtuwa. Kambamar zulaƙe salo ne na waƙar baka, ba a karanta shi kamar shaida a gaban alƙali. Ta uku, ya lura da wurin da aka rera waƙar da mutanen da ke zaune, gama waƙar baka ba ta da matani guda, kuma habaicin da ya sami wani a wannan taro yana iya zama raha a wancan.

Hukuncin jama'a shi ma yana sauyawa. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya sami digirin dakta a Jami'ar Indiyana ta Amurka da nazari a kan Shata. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Shata kansa digirin girmamawa. Ya rasu a 1999, aka rufe shi a Daura. Amma kada ɗalibi ya saurari Bakandamiya da kunnen wanda ya san ƙarshen labari. Darajar da mawaƙin yake iƙirari a cikinta, da bakinsa ya fara ƙwato ta, kafin malaman jami'a su sa hannu a kai.

Allah ya jiƙan magabata, ya ƙara mana fahimta. Wassalamu alaikum.