Abincin Likita Ga Kyanwa Mai Ƙiba: Jawabi Domin Wayar Da Kan Jama'a

Jama'a, wannan jawabi ya shafi kyanwa, dabbar nan da ke tsare rumbu da ɗakin ajiya daga ɓarnar ɓera. A biranen ƙasar nan akwai gidajen da kyanwa ta daina farauta, tana kwance a ɗaki, ana zuba mata sauran tuwo da shinkafa da burodi. Mai ita ya ga ta yi ɓul-ɓul, sai ya ɗauka alamar jin daɗi ce, alhali kuwa ƙiba ita ce babbar ƙofar ciwon sukari ga wannan dabba.

Dalilin haka yana cikin halittarta. Kyanwa maciyar nama ce. Miyaunta kusan ba shi da sinadarin da ke fara narkar da sitaci, irin wanda ke bakin mutum. Hantarta kuma ba ta da saurin kwashe sukari daga jini bayan cin abinci. Aikin da ta saba shi ne haɗa sukari kaɗan-kaɗan daga furotin na nama, dare da rana. A shekarar 2005 masana a Filadelfiya ta Amurka sun nuna cewa harshen kyanwa ba ya ma jin zaƙi. Saboda haka abinci mai yawan sitaci yakan sa sukarin jininta ya hau, ya daɗe bai sauka ba.

Abin da ke saukar da sukari shi ne insulin, sinadarin da aka gano a Toronto ta Kanada a 1921. Wata gaɓa da ke kusa da tumbi ita ke fitar da shi, shi kuwa ya shigar da sukari cikin tsoka domin ya zama ƙarfi. Kitse yana dushe aikin insulin. An auna an ga cewa kowane kilo 1 na ƙiba yana rage amsawar jikin kyanwa ga insulin da wajen kashi 30 cikin 100, kuma kyanwa mai ƙiba tana da haɗarin ciwon sukari kusan ninki 4 na wadda jikinta yake daidai. Muzurun da aka dandaƙe ya fi shiga wannan haɗari. Alamun ciwon su ne yawan ƙishirwa, da yawan fitsari, da rama duk da cin abinci, wani lokaci kuma dabbar ta riƙa taka ƙasa da diddigen ƙafafun baya.

Abincin da likitan dabbobi ke rubutawa iri biyu ne. Na farko yana da furotin da yawa, sitaci kaɗan, galibi ƙasa da kashi 12 cikin 100 na ƙarfin da ke cikin abincin. Wannan yana hana sukari hawa sosai bayan ci, yana kuma kiyaye tsoka yayin da kitse ke narkewa. Tsoka ita ce ke ƙone mafi yawan sukari, don haka kiyaye ta riba ce babba. Na biyu yana da yawan harza, watau ɓangaren tsiro wanda ciki ba ya narkarwa. Shi yana cika ciki, ya rage yunwa, ya kuma jinkirta shigar sukari cikin jini. Ga kyanwar da ciwon ya riga ya kama, likitoci sun fi zaɓen na farko, domin idan aka haɗa shi da allurar insulin da wuri, wasu kyanwoyi kan warware har a daina yi musu allura. Amma wadda ke da ciwon ƙoda ba a ɗora ta a kan furotin mai yawa sai likita ya duba.

Akwai gargaɗi guda biyu da ya wajaba kowane mai kyanwa ya riƙe. Na ɗaya, kada a hana kyanwa mai ƙiba abinci da nufin ta rame. Idan ta yi 'yan kwanaki ba ta ci ba, kitsen jikinta yakan kwarara zuwa hanta ya cushe ta, idanu su yi rawaya irin na shawara, kuma wannan yana kisa. Ragin da ake so shi ne kashi 1 cikin 100 na nauyinta a mako, kada ya wuce kashi 2. Watau kyanwa mai kilo 6 ta rage wajen giram 60 a mako. Sannu ba ta hana zuwa.

Na biyu, idan ana yi wa kyanwa allurar insulin, kada a sake mata abinci sai da sanin likita. Da zarar sitaci ya ragu, bukatar insulin ta ragu. In aka ci gaba da allura yadda take a da, sukari zai faɗi ƙasa ƙwarai, dabbar ta yi tangaɗi, ta yi farfaɗiya, ko ta suma.

Abin da ake bukata daga mai kyanwa ba shi da wuya. Ya shafa haƙarƙarinta: in bai ji ƙashi ba sai ya danna, to ƙiba ta yi yawa. Ya kai ta asibitin dabbobi mafi kusa, ko asibitocin koyarwa na jami'o'i kamar na Zariya da Ibadan da Nsukka, a auna nauyinta da jininta. Ya auna abincin kullum yadda likita ya ce, ya raba shi kashi-kashi, ya sauya daga tsohon abinci zuwa sabo a hankali cikin kamar mako guda. Ya gaya wa yara da sauran mutanen gida kada su ƙara mata komai, musamman miya mai albasa ko tafarnuwa, domin waɗannan suna lalata jinin kyanwa. A ajiye mata ruwa mai tsabta, a riƙa sa ta wasa da guje-guje, a kuma mayar da ita awo a ranar da likita ya sa.