Farashin cikin gida: takardun da ake neman manyan kamfanoni su kawo

(Jawabin da aka gabatar gaban taron ƴan kasuwa da ma'aikatan haraji)



Duk ɗan kasuwar da ya san hanyar Galmi zuwa Kumasi zai gane maganar yau ba da wahala ba. A ce mutum yana da rumbun albasa a Galmi, ɗansa kuma na riƙe da shago a Gana. In uba ya aika wa ɗa buhu ɗari, wa ke yanke farashi? Babu tayi, babu "albarka", domin aljihu ɗaya ne. Ya rubuta buhu jika 10, riba ta koma Gana. Ya rubuta jika 25, riba ta tsaya nan. Gidan bai rasa ko dala ba. Abin da ya canza shi ne ƙasar da za ta karɓi haraji.

Haka manyan kamfanonin duniya suke ciniki tsakanin rassansu, sai dai kayansu ba albasa ba ne: ma'adini ne, da man fetur, da bashi mai ruwa, da kuɗin amfani da sunan kamfani, da abin da suke kira kuɗin shawara, wanda uwar kamfani ke caza ba tare da kowa ya ga mai ba da shawarar ya sauka filin jirgin Yamai ba. Inda harajin riba yake kashi 30 cikin ɗari, duk miliyar ɗaya da aka kawar daga littafin reshe, baitulmali ya yi asarar miliyon 300. Kwamitin da Thabo Mbeki ya jagoranta ya ƙiyasta a 2015 cewa Afirka na rasa fiye da dalar Amurka miliyar 50 kowace shekara ta ɓarauniyar hanya, kuma kaso mafi girma ta harkar kamfanoni yake fita.

Ƙa'idar da ƙasashe suka yarda da ita ita ce reshe ya sayar wa ɗan'uwansa kamar yadda zai sayar wa baƙo. Faɗi ya fi aiki sauƙi. Don haka a 2015 ƙungiyar OCDE da ƙasashen G20 suka tsara takardu iri uku da kamfani zai ajiye. Na farko babban kundi ne mai bayanin kamfanin gaba ɗaya: rassansa, inda yake samun riba, wanda ke ba wa wani bashi. Na biyu kundin ƙasa, wanda ke bin cinikin reshen nan da ƴan'uwansa ɗaya bayan ɗaya, da hujjar farashin da aka sa. Na uku rahoton ƙasa-ƙasa: kuɗin shiga, riba, harajin da aka biya da yawan ma'aikata a kowace ƙasa. Wannan na uku ya hau kan kamfanin da cinikinsa na shekara ya kai Yuro miliyon 750, wato kusan sefa miliyar 492. Amfaninsa a fili yake. Idan aka ga ma'aikata dubu biyu a wurin haƙa babu riba, aka ga mutum biyar a wani ofishi a Turai da riba tuli, ma'aikacin haraji ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Akwai inda takarda ta yi rana. A watan Mayu na 2020 kotun ƙoli ta Zambiya ta ba hukumar harajin ƙasar gaskiya a kan kamfanin Mopani, bisa tagullar da ya sayar wa Glencore, mai mafi yawan hannun jarinsa a lokacin, a farashin da bai kai wanda ya sayar wa baƙi ba. Aka umarce shi da biyan kwacha miliyon 240, kimanin dalar Amurka miliyon 13. Shari'ar ta ci shekaru wajen goma. Abin da ya kai Zambiya ga nasara shi ne ta samu takardun ciniki biyu ta jera su: ga na ɗan gida, ga na baƙo.

A nan ne matsalar Nijar take, domin tarihin yuraniyom bai ba da irin wannan dama ba. SOMAIR ta fara aiki a Arlit a 1971, aka kafa COMINAK a 1974, kuma shekaru da yawa masu hannun jari su ne masu sayen kayan. Yuraniyom ba shi da kasuwa buɗaɗɗiya kamar ta gero. Yawancinsa ana sayar da shi ne bisa yarjejeniyar shekaru, wadda ba kowa ke ganin ta ba. Saboda haka farashi ya zama abin zaman tebur tsakanin gwamnati da kamfani. Ana cikin irin wannan ja-in-ja ne aka kifar da Diori Hamani a Afrilun 1974. A 2007 gwamnatin Tandja Mamadu ta matsa har kilo ya tashi daga sefa 27,300 zuwa 40,000, a 2008 ya kai 55,000. Farashin da ya ninka cikin shekara guda bayan an buga tebur ya isa mai hankali ya tambayi yadda aka lissafa na farko. An rufe COMINAK a 2021, gwamnati ta mai da SOMAIR hannun ƙasa a 2025, amma tambayar tana nan ga duk wanda zai sayi ma'adinin da shi ya haƙa, kuma ta shafi man Agadem da ya fara bin bututu zuwa Benin a 2024.

Tsarin na OCDE ma yana da rauni. Rahoton ƙasa-ƙasa a ƙasar uwar kamfani ake miƙa shi, kuma ba ya isa wata ƙasa sai tana da yarjejeniyar musayar bayanai da tsarin tsare sirri da aka amince da shi. Ke nan mai ma'adinin shi ne na ƙarshe da zai ga takardar, in ma ya gani. Sannan kundin ƙasa na iya zuwa da shafi ɗari uku, manyan akantoci sun rubuta shi, sun kwatanta reshen Sahel da kamfanonin Turai, a ajiye shi gaban ma'aikaci ɗaya mai fayil arba'in a tebur. Nijeriya ta fitar da dokarta a 2012, sai da ta sake ta a 2018 ta sa tara mai ciwo ga wanda ya ƙi kawo takarda ko ya makara.

Alhazai na iya cewa wannan rigimar manya ce. Amma giɓin da riba mai fita ta bari a kasafin ƙasa, wurin wanda ba ya iya gudu ake cike shi: albashin ma'aikaci da ake yanke wa haraji tun kafin ya taɓa shi, da motar ɗan kasuwa da ke tsaye a duwan ta Dan Isa. Abin da ya kamata wakilansu su nema daga hukuma shi ne a tilasta kawo kundin ƙasa tare da bayanin harajin shekara, a sa tarar da ta dace da girman cinikin, a kuma horar da ƴan ma'aikata kaɗan a bar su kan wannan aiki, kada a riƙa yi musu canjin wuri duk bayan shekara biyu.