Jawabi a Kan Kiwon Kare da Maganin Gida

Kare dabba ce mai amfani. Shi ke taya maharbi farauta, shi ke tsaron garke, shi ne kuma mai gadin gida sa'ad da mutane suka yi barci. Amma yawancin masu karnuka, in karensu ya yi ciwo, sai su nemi maganin gida, ba su tunawa da asibitin dabbobi. To, maganin gida iri uku ne: akwai mai amfani, akwai mai cutar da kare, akwai kuma mai jawo hasarar ran mutum.

Mai amfanin shi ne kulawa. Karen da ke samun isasshen abinci, da ruwa mai tsabta, da inuwar kwanciya, ba ya yawan ciwo. Tuwo kaɗai ba ya riƙe shi, sai an haɗa masa da ɗan nama ko kifi. A riƙa duba kunnuwansa da tsakanin yatsunsa. In an ga kaska a kama ta da hantsaki daf da fata, don kada kanta ya saura a ciki. A share makwancinsa, gama nan ƙuma ke hayayyafa. Wanka da ruwan ganyen dogon yaro yakan rage ƙwari, amma ba ya raba kare da su sarai.

Mai cutarwa kuwa shi ne baƙin mai da kananzir da wasu ke shafa wa kare saboda ƙazwa. Fatar takan ƙone, kare kuma ya lashe ya sha guba. Ruwan taba ma dafi ne. Albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare in ya ci da yawa.

Na uku ya fi su duka hatsari, watau maganin gida na haukan kare. Ƙwayar wannan cuta tana cikin yawun mahaukacin kare. Takan shiga ta wurin cizo, ta bi jijiya sannu a hankali har ƙwaƙwalwa. Galibi sai bayan wata 2 ko 3 alamunta ke fitowa, in kuwa sun fito da wuya ƙwarai a tsira. An ƙiyasta tana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya.

Wasu sukan ƙona gashin karen da ya yi cizo su shafa a raunin, wasu su sha jiƙo, su ce sun ga an warke. Ga dalili: ba kowane kare mai cizo ne mahaukaci ba, ba kuma kowane cizo ke sa cutar ba. Wanda ya tsira sai ya yabi magani, wanda ya mutu kuwa ba shi da bakin ba da shaida.

Saboda haka duk wanda kare ya ciza, a wanke raunin nan da nan da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, sa'an nan a kai shi asibiti ran nan, a fara yi masa allura. In da hali a tsare karen kwana 10, malamin dabbobi ya duba shi.

Wannan allura ba baƙuwa ba ce. Tun 1885 Louis Pasteur ya ceci wani yaro da ita a Faransa. A ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, an daɗe ana haɗa ta karnuka. Ana yi wa ɗan kwikwiyo in ya kai wata 3, a riƙa maimaitawa yadda likita ya ce. In an yi wa kare 70 cikin 100 na gari, cutar takan daina yaɗuwa.

Mai kare ya kula da karensa a gida, amma kada ya bar allura. Riga-kafi ya fi magani. Allah ya kiyashe mu, amin.