Jarida da Ɓarawo a Ingila Zamanin Sarauniya Biktoriya

 

An umurce ni in yi bayani a kan yadda jaridun Ingila suka riƙa ba da labarin sata da fashi da shari'o'insu a zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta hau gadon sarauta a 1837 ta zauna a kansa har rasuwarta a 1901. Ra'ayina kuwa, wanda zan faɗa tun da fari domin mai jayayya ya shirya hujjarsa, shi ne jaridun nan, ko da yake sun shiga kotu da sunan 'yan kallo, sun fito da hannunsu dumu-dumu cikin hukunci.

Asalin al'amarin kuɗi ne. Da aka soke harajin hatimi da ke kan jarida a 1855, aka kuma soke na takarda a 1861, sai farashi ya sauko har jarida irin Daily Telegraph ta koma kwabo guda, leburan da a da sai dai a karanta masa a mashaya ya zama mai saye da kuɗinsa. Masu jaridu ba su daɗe ba suka gane abin da ke fitar da kwabon nan daga aljihu, har a 1864 aka kafa Illustrated Police News, wadda shafinta na farko zanen kisa ne da fashi. Da yawa daga masu kawo labarin kuwa ba su da albashi; yini suke yi a ƙananan kotuna irin ta Bow Street, ana biyansu gwargwadon layukan da aka buga. Da malaman hadisi za a kai wa irin wannan mai ruwaya, wanda abincinsa ya rataya ga tsawon labarinsa, na tabbata da sun daɗe suna binciken adalcinsa kafin su karɓi kalma ɗaya daga bakinsa. Galibin ƙararrakin ba su wuce satar hankici ko takalmi ko rigar da aka kai jingina ba, kuma tun da doka ba ta yarda wanda ake tuhuma ya yi rantsuwa ya ba da shaida a kan shari'arsa ba sai a 1898, muryar ɗan sanda da ta mai ƙara su ne suka fi cika shafi.

Amma idan ɓarawo mai fasaha ne, sai alƙalami ya sake. A daren 15 ga Mayu 1855 aka ɗora akwatunan zinariya na kimanin fam 12,000 a jirgin ƙasa daga Landan zuwa Folkston, da nufin a ƙetare da su zuwa Faris. Edward Agar, wanda tun da wuri ya danna makullan a kakin zuma ya ƙera irinsu, yana ɓoye a taragon kaya da sanin mai tsaronsa, James Burgess. Jirgi na gudu ya buɗe, ya kwashe zinariya, ya zuba ƙwayoyin darma domin nauyi ya daidaita, ya mayar da hatimi. Sai a Faris aka buɗe aka ga darma, Ingilishi da Faransawa suka yi ta ɗora wa juna laifi, 'yan sanda kuwa suka rasa bakin zaren fiye da shekara. Cin amana ne ya tona asirin: an kama Agar a kan cekin jabu, ya bar wa abokin satarsa William Pierce dukiya domin ya kula da Fanny Kay, uwar ɗansa, Pierce ya danne, Agar ya ji labari a kurkuku ya fasa ƙwai. A kotun Old Bailey, cikin Janairu 1857, aka yanke wa Burgess da wani abokin satar, akawun kamfanin jirgin William Tester, korar shekara 14 zuwa ƙetare saboda ha'intar kamfanin da ya amince musu, Pierce kuwa, da yake ba ma'aikacin kamfanin ba ne a lokacin, ya tsira da shekara 2. Wanda ya karanta dogayen rahotannin shari'ar zai ji sha'awar gwanintar Agar tana leƙowa ta ƙarƙashin tofin Allah tsine.

Babbar hujjata tana cikin abin da ya faru a 1862. A watan Yuli wasu suka tare Pilkington, ɗan majalisa mai wakiltar Blackburn, a titin Pall Mall cikin dare yana dawowa daga majalisa, suka buge shi suka tafi da agogonsa. Irin wannan fashi, da ake kira na shaƙe wuya, ba sabon abu ba ne a Landan, amma da yake wannan karon ɗan majalisa ya shafa, jaridu suka ɗauki kiɗan, suna ɗora alhaki a kan fursunonin da ake saki da takardar sassauci tun da hanyar jibge su a Ostireliya ta fara toshewa, har mujallar Punch ta riƙa zanen mutane sanye da abin wuya mai ƙayoyin ƙarfe tana yi musu ba'a. Malama Jennifer Davis, wadda ta bi lissafin 'yan sanda na shekarar, ta nuna cewa firgicin ne ya riga yawaitar ƙararrakin, domin da tsoro ya bazu kamu ya ƙaru, ƙaramin ƙwace ma aka riƙa shigar da shi babin fashi, jaridu kuma suka mayar da adadin da suka haifar hujjar abin da suka faɗa. A 1863 majalisa ta zartar da dokar da ta ƙara wa mai fashi da ƙarfi bulala har hamsin a kan ɗauri. Firgicin bai kai shekara ba ya lafa, amma bulalar ba a soke ta ba sai a 1948.